INA MATATTU SU KE KAFIN RANAR TASHI?

Ya kai mai karatu, wataƙila ba ka daɗe da shiga hanyar Yesu Kristi ba, wataƙila kuwa har yanzu kana bakin ƙofa kana dubawa. Ko wane ne kai, akwai tambaya guda wadda ba za ta ƙyale ka ba, gama mutuwa rigar kowa ce. Ran da aka kai ɗanka ko mahaifiyarka kushewa, aka mai da ƙasa, jama'a suka watse, zuciyarka za ta tambaye ka, Yanzu ina ya ke? Yana ji? Ya san an tafi an bar shi? An koya maka a ikilisiya akwai tashin matattu a ranar ƙarshe, ka kuwa gaskata. Amma tsakanin yau da wannan rana fa? Habila ya yi shekaru dubbai cikin ƙasa. Ina ya ke dukan wannan zamani?

Maƙwabtanka Musulmi suna da amsa a shirye. Suna kiran wannan tsakani barzahu, suna kuwa koyar da cewa mala'iku biyu, Munkar da Nakir, su kan zo wa mamaci cikin kabari su tambaye shi Ubangijinsa da addininsa da annabinsa, sa'an nan a yalwata masa kabarin ko a ƙuntata shi. Idan wani daga cikinsu ya tambaye ka abin da Kirista su ke cewa, kada ka yi masa ƙarya domin gudun kunya. Gaskiyar magana, masu bi sun yi gardama bisa wannan batu tun zamanin farko, har wa yau kuwa bakinsu bai zama ɗaya ba. Gara ka ji wannan daga wurinmu, kowane gefe da hujjarsa, da ka ji shi daga bakin mai neman sa ka tuntuɓe.

Ka fara riƙe abin da ba a gardama a kansa. Kristi ya tashi daga matattu da jikinsa, za ya komo, kaburbura za su ba da mutanensu, za a yi shari'a. Shaidar bangaskiya wadda dattawan ikilisiya suka tabbatar a birnin Kustantiniya a shekara ta 381, wadda a ke karantawa har yau gabas da yamma, ta ƙare da sauraron tashin matattu da rai na zamani mai zuwa. Game da halin matattu kafin wannan rana ba ta ce kome ba. Gardamar da za mu nuna maka, gardama ce ta 'yan gida ɗaya.

Waɗansu sun ce matattu barci su ke yi, ba su san kome ba, ba su jin kome, sai ran da ƙaho ya tashe su. Ba da ka suka ƙago wannan ba. Annabi Daniyel (12:2) ya kira matattu masu barci cikin turɓaya. Ubangiji da kansa ya kira mutuwar ɗiyar Yayirus barci, har mutane suka yi masa dariya, haka kuma ya faɗa game da abokinsa Li'azaru na Baitanya (Yohanna 11:11). Luka, sa'ad da ya ke ba da labarin jifan Istifanus, da kalmar barci ya rufe shi. Mai-Wa'azi (9:5) ya hana wa matattu sani, Zabura kuma a wurare da dama (6:5, 115:17) ta nuna ba a yabon Allah cikin kabari. Wannan magana ta shiga bakin masu bi na farko har suka sa wa maƙabartarsu suna da kalmar Helenanci wadda ma'anarta ɗakin kwana. Ba baƙon abu ba ne ga kunnenka, kai da ka saba jin ana kiran kabari makwanci, ana kuma cewa barci ƙanen mutuwa.

Bayan ayoyi kuma suna da hujja ta hankali, mai nauyi ce kuwa. Suna cewa, Allah ya gina mutum da turɓaya, ya hura masa numfashi, sa'an nan ya zama mai rai. Mutum ba tsuntsu ba ne da aka kulle cikin keji, wanda za ya ji daɗi ran da kejin ya karye. Idan kuwa adali ya riga ya karɓi ladansa ran da ya mutu, mugu ya riga ya shiga azabarsa, mene ne amfanin tashi, mene ne kuma amfanin shari'a? Wane alƙali ne ke ɗaure mutum shekara dubu, sa'an nan ya kira shi ya ji ƙararsa? Wiliyam Tindal, wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa Turanci, aka kuwa kashe shi a shekara ta 1536, da irin wannan hujja ya yi jayayya da Toma Mor. Martin Luta ma sau da yawa ya kwatanta mutuwa da barci mai daɗi, inda mai barci ba ya ƙidaya sa'o'i: ya rufe ido, ya buɗe, ga gari ya waye.

Waɗansu kuwa, su ne mafi yawa cikin kowane zamani, sun ce jiki ne ke barci, amma ran mai bi a farke ya ke wurin Ubangijinsa. Su ma da Littafi su ke magana. Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu ya roƙi a tuna da shi a wata rana mai nisa, sai aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan (Luka 23:43). Istifanus, ana cikin jifansa, ya danƙa ruhunsa ga Yesu, kamar mai ba da ajiya ga wanda ya ke gani da idonsa. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa (1:23) cewa zuciyarsa ta rabu biyu, ko ya zauna ya yi aiki, ko ya tashi ya kasance tare da Kristi, ya kuwa ce na biyun ya fi kyau nesa. Ga Korintiyawa kuma (2 Kor. 5:8) ya haɗa rabuwa da jiki da zama wurin Ubangiji kamar abu guda. Cikin labarin mai arziki da Li'azaru matalauci (Luka 16) matattu suna gani, suna magana, suna tunawa, alhali 'yan'uwan mai arzikin biyar suna duniya tukuna. Yohanna ya ga rayukan shahidai ƙarƙashin bagadi suna kira ga Allah, aka ba su fararen riguna, aka ce su ƙara hutawa kaɗan (Ru'ya 6:9-11). Da Sadukiyawa suka zo da tarkonsu, Yesu ya amsa musu da cewa Allah da ya kira kansa Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu, masu rai ya ke mulki a kansu, domin a wurinsa duka rayayyu ne (Luka 20:38).

Kada ka zaci wani gefe ya rasa abin faɗi ga ɗan'uwansa. Masu cewa barci suna amsawa, labarin Li'azaru misali ne, ba a kafa koyarwa bisa kayan adon misali, in ba haka ba sai mu ce rai yana da yatsa da harshe. Abin da Yohanna ya gani kuma ru'ya ce, cike da alamu. Game da ɓarawon suna cewa tsofaffin littattafan Helenanci ba su da waƙafi, saboda haka kalmar nan ta "yau" tana iya komawa ga ranar da aka yi alkawarin, ba ranar cika shi ba. Ɗaya gefen kuma suna amsawa, Mai-Wa'azi yana duban abin da ke ƙarƙashin rana ne, yadda idon mutum ke gani, hasken da ya zo da Kristi bai haskaka masa ba tukuna. Barci kuwa suna ne mai taushi da aka ba gawa domin kamanninta, domin kuma za ta tashi. Zancen waƙafin ba mu ga ƙarfinsa ba. Mutumin da ke kan gicciye, numfashi yana yi masa wuya, ba ya bukatar ya shaida wa na kusa da shi cewa yau ya ke magana.

Yana da amfani ka san yadda magabata suka bi da wannan, gama za ya rage maka saurin yanke hukunci. Malaman farko da yawa ba su koyar da barci ba, ba su kuwa ce rai yana shiga sama nan da nan ba. Yustinu Shahidi, wajen shekara ta 160, ya ce rayukan adalai suna wuri mai kyau, na miyagu suna wuri marar kyau, duka suna jiran shari'a. Ya kuma tsananta wa masu musun tashin jiki, masu cewa da mutuwa rai ya wuce sama ke nan, magana ta ƙare. Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu, ya ce shahidai kaɗai ke shiga Firdausi tun yanzu, sauran adalai suna hutawa a ƙirjin Ibrahim. A ƙasar Larabawa, wajen tsakiyar ƙarni na 3, waɗansu suka koyar da cewa rai yana mutuwa tare da jiki, a tashe su tare. Aka tara majalisa, aka kira malam Orijin, ya yi musu bayani har suka sake ra'ayi. Ba a kore su ba, da magana aka rinjaye su. Amma can ƙasar Farisa, Afrahat, malami mai daraja na ƙarni na 4, ya koyar da barcin rai, ba wanda ya fitar da shi daga ikilisiya.

Ga wani labari mai ban mamaki. A shekara ta 1331, Paparoma Yohanna na 22, yana zaune a birnin Abinyon ta ƙasar Faransa, ya yi wa'azi ya ce tsarkaka ba za su ga fuskar Allah sosai ba sai bayan tashin matattu. Ƙasa ta ɗauka. Malaman jami'ar Paris suka ƙi maganar, sarkin Faransa ya sa baki, aka yi shekara uku ana ja. A watan Disamba na 1334, yana bakin mutuwa, ya janye. Magajinsa Benedik na 12 ya yanke a 1336 cewa rayukan da suka tsarkaka suna ganin Allah tun kafin ranar shari'a, a kan wannan kuwa ikilisiyar Roma ta tsaya har yau. Masu gyara ma ba su tsira daga rabuwa ba. Littafin farko na koyarwa da Yohanna Kalbin ya rubuta, a 1534, domin rushe zancen barcin rai ne, aka buga shi a 1542. Ikilisiyar Ingila ta sa hukunci bisa masu wannan koyarwa cikin ƙa'idodinta 42 na shekara ta 1553; da aka sake duba su bayan shekara goma, aka mai da su 39, sai aka cire wannan hukunci.  A zamaninmu, masu kiyaye Asabar, watau Adbentis, da Shaidun Jehobah, su ne aka fi sani da cewa matattu ba su san kome ba, wataƙila kuwa sun riga sun zo ƙofarka da takardunsu.

To, me mu ke gani? Ba za mu ɓoye maka ba. Mun gaskata mai bi da ya mutu yana wurin Kristi, a farke, cikin hutu, ya kuwa san wanda ya ke tare da shi. Abin da ya fi rinjayar mu shi ne maganar Bulus: mutum mai ƙwazo irinsa, wanda rayuwarsa duka zumunci ce da Kristi, da wuya ya kira rashin sani riba. Amma muna ƙarawa da sauri cewa wannan hali ba shi ne cikar bege ba, a nan kuwa masu cewa barci sun tuna mana da abin da mu kan manta. Ka dubi fatake na dā da ke tafiya Gwanja. Da yamma su kan isa zango, a sauke kaya, a ba jakuna ruwa, a hura wuta, madugu yana tsakaninsu, ba tsoron 'yan fashi. Hutu ne na gaske, amma ba wanda ya ce an iso gida. Haka rayukan nan da Yohanna ya gani: an ba su riguna, duk da haka suna tambaya sai yaushe. Suna jiran jikinsu, suna jiranmu kuma, gama wasiƙar Ibraniyawa (11:40) ta nuna ba za a kammala su ba sai tare da mu. Wa'azin jana'iza wanda ya kai mamaci sama ya bar shi can, bai ko ambaci tashi ba, rabin bishara ya faɗa.

Ka lura kuma da wani abu. Ɗan'uwanka mai cewa barci, idan ka matsa masa da maganar Bulus, za ya ce maka, ga mai barci babu tsawon lokaci; Bulus ya rufe ido ƙarƙashin takobi, abin da ya fara gani bayan wannan shi ne Kristi, ko da shekara dubu biyu sun shige a tsakani. Amsar ba ta ishe mu ba, amma ba ta wauta ba ce. Ka ga inda ta kai ku: kai da shi duka kun yarda cewa mai bi da ya mutu, fuskar da za ya fara sani ita ce ta Ubangijinsa. Saboda haka kada ka ƙi gaishe shi domin wannan batu, kada ka kira shi kafiri, kada kuwa ka ta da gardamar a gidan makoki, inda gwauruwa ke zaune tana ji. Idan akwai waɗansu koyarwa da suka raba ku da shi, kamar zancen ko wane ne Kristi, wannan magana dabam ce, mai girma kuwa. Kada ka gauraya ta da wannan. Iyakar da manzo ya ja ita ce ta Himinayus da Filitus (2 Timotawus 2:17-18), waɗanda suka ce tashin ya riga ya wuce, suka kuwa rushe bangaskiyar waɗansu.

Akwai koyarwa ta uku wadda za ka ji. Ikilisiyar Roma tana cewa waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa, sai an tsarkake su kafin su ga Allah, addu'ar masu rai kuma tana taimakonsu. Ana kiran wannan Furgatori, an kuwa tabbatar da shi a majalisun Filorens a 1439 da Tarent a 1563. Suna dogara ga littafin Makabiyawa na biyu, wanda mu ba mu lissafta shi cikin Littafi Mai Tsarki ba, da maganar Bulus game da mai tsira kamar ta cikin wuta (1 Kor. 3:15). Ikilisiyoyin Gabas suna addu'a domin matattu, amma ba su karɓi bayanin Roma ba. Mu ba mu sami wannan wuri cikin Littafi ba, muna kuwa ganin jinin Kristi ya isa wanke mutum sarai. Ɓarawon nan bai yi kwana ɗaya na gyara ba. Sayar da takardun gafara domin matattu shi ne ya ta da Luta a 1517. Adalci ne mu faɗa maka Roma da kanta ta hana haɗa kuɗi da wannan a 1567, kada ka zargi maƙwabcinka Katolika da cinikin da ba ya yi.

Amma jarabar tana nan cikin zuciyar kowane mai makoki, ko wace ikilisiya ya ke. Ƙauna tana so ta yi wa mamaci wani abu. Dangi za su zo maka ran uku da ran bakwai da ran arba'in, su ce ka kawo naka. Ka je ka zauna da su, ka yi kuka tare da su, ka ciyar da baƙi gwargwadon ƙarfinka, gama zumunci wajibi ne a kanka, ba mu so a ce bin Kristi ya mai da kai marar kunya. Sai dai kada ka sayar da hatsin 'ya'yanka ko ka ci bashi da zaton kana saya wa mamaci sauƙi. Idan kana da abin bayarwa, ga matarsa, ga marayunsa, ga bashin da ya bari. Kada kuma ka je wurin boka ko mai duba domin a kira maka shi. Shari'ar Musa ta hana wannan (Kubawar Shari'a 18:10-12), sarki Saul kuwa da ya tafi wurin macen nan ta Endor da dare, bai komo da kome ba sai labarin mutuwarsa. Ko matattu suna barci, ko suna wurin Kristi, ba su yawo a bayan gari, ba su jin yunwa, ba su fushi da kai domin ba ka yi yanka ba. In ka gan shi a mafarki, kewa ce. Ka gode wa Allah domin kwanakin da ya ba ku tare, ka koma barcinka.

Saura tambaya guda, mun san kuwa ita ce ta fi ci maka rai, ko da ba ka furta ta ba. Ubana fa, wanda ya rasu bai shiga wannan hanya ba? Uwata fa, wadda ba ta taɓa jin bishara ba? Waɗansu sun tsaya a bakin baftisma domin wannan, suna cewa gara su tafi inda iyayensu suka tafi. Ɗan'uwana, ba za mu ce maka yana cikin azaba ba, gama ba a ba mu kujerar shari'a ba, ba mu kuwa san abin da ya shiga tsakaninsa da Mahaliccinsa a sa'arsa ta ƙarshe ba. Ba kuwa za mu yi maka alkawarin da Littafi bai yi ba domin mu sanyaya maka zuciya. Abin da aka bayyana shi ne, babu ceto sai ta wurin Kristi. An bayyana kuma cewa wanda bai san nufin ubangijinsa ba, ba a auna shi da mudu ɗaya da wanda ya sani ya ƙi (Luka 12:47-48). Ibrahim, da ya tsaya yana roƙo domin Saduma, ya jingina ga wannan, cewa Mai shari'ar dukan duniya ba ya zalunci (Farawa 18:25). Wanda za ya yi wa mahaifinka shari'a shi ne wanda aka huda hannuwansa, ya kuwa san mahaifinka fiye da yadda ka san shi. In wani mai wa'azi, ko wane ne shi, ya ambaci sunan mahaifinka ya ce ya san inda ya ke, ka tambaye shi sura da aya. In kuwa mahaifiyarka tana da rai, ko ƙanen mahaifinka, ka tashi ka je ka gaishe su cikin makon nan, ka kai musu goro, ka zauna, ka faɗa musu abin da ka samu.